Goggo Ba Ta Shan Magani, Ɗanɗanawa Take Yi

A gidanmu mutum biyu ne ba a ja da su a yi nasara, kuma Allah da ikonsa ya haɗa ni zama da su duka biyun.

Na farko Baba ne, wanda duk layinmu ke kira Koci, don ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantar sakandare. Ya daɗe da yin ritaya, sai dai har yau ba wanda ya je ya sanar da jikinsa. Gari na wayewa zai sauko tsakar gida cikin wani koɗaɗɗen wandon wasa, ya yi tsallen igiya, ya miƙe, ya lanƙwashe, yana yi wa kansa tsawa kamar ya kama malalacin ɗalibi. Abin tinƙahonsa a duniya guda ne, wai shi bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ya faɗa wa mai wanki, ya faɗa wa mai karanta mitar wuta, har wanda ya yi ɓatan hanya ya tsaya tambaya bai tsira ba.

Ta biyu Goggo ce, yayarsa, wadda ta san wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, tunda a bayanta ya yi ƙyanda, a cinyarta ya yi ƙarambau. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta raine shi. Har yau Auta take ce masa, da furfurarsa da sanƙonsa. Wai yana ƙarami wata ta taɓa ɗura masa madara mai zafi ta sale masa baki, to tun daga ranar Goggo ta ɗaura wa kanta aiki: ba abin da zai shiga bakin Auta sai ta ɗanɗana. Mamata ta yi haƙuri da wannan hali iya zamansu. Da Mama ta rasu, Goggo ta dawo gidanmu da akwatinta da wani ɗan ƙaramin cokali da ba ya rabuwa da aljihunta, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Mutumin da ke hawa bene da bokiti biyu cike da ruwa, shi ne zai zauna ya harɗe hannu shayinsa na hucewa, har sai an tsoma cokali an ce masa, "Sha, Auta."

Ni ce ta ukunsu, 'yar Baba, tela. Shagona shi ne ɗakin gaba na ƙasa, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta kalli cikin gida. Ɗakin Goggo yana bayan shagon, domin gwiwoyinta sun daɗe da ɓatawa da matakala. Ɗakin Baba kuwa yana sama, daidai saman nata.

Goggo na da asma. Bara wata 'yar mura da ba ta kai ta kawo ba ta sauka mata a ƙirji, muka kwashe ta sai asibiti, aka sa mata robar iska a hanci. Na zauna a gefen gadon ina kallon yadda take kokawa da kowane numfashi, ina jin kamar in ciro nawa in ba ta. Ta tashi, amma da ƙyar. Tun daga lokacin duk wanda ya yi atishawa a shagona sai in ji gabana ya faɗi. Da lokacin allurar rigakafin mura ya zo, ni na je an yi min. Baba ya ce allura ta ragwaye ce. Goggo kuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce magani na mai ciwo ne, ita kuma lafiyarta ƙalau, ba za ta je ta tsokano abin da ke barci ba.

Ran nan gari ya waye ban ji ƙarar igiya a tsakar gida ba. Na gama shara, na buɗe shago, na zura wa keken ɗinki zare, shiru. Na hau sama na tarar da Koci guda a dunƙule cikin bargo, idanu jajir, haƙora na kaɗawa.

Na ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Hutu na ba wa tsokoki, yana cikin tsarin horo."

"To me ya sa kake rawar ɗari?"

"Gadon ne ke rawa. Ƙafarsa ɗaya ta gajarce."

Na taɓa goshinsa, na janye hannu da sauri. Na ce ya tashi mu je asibiti, ya ce in fita masa daga ɗaki. Ban tsaya ɓata bakina ba, na leƙa ta kan matakala na kira Goggo na faɗa mata. Ta dogaro sandarta ta zo gindin bene, ta ɗaga kai.

"Auta!"

"Na'am, Yaya."

"Sa takalmi."

Ya sa takalmi.

Na so in bar Goggo a gida, amma wa ya isa? A bayan tasi ta zauna ta jingina kansa a kafaɗarta, tana share masa gumi da hankicinta, can kuma ta share nata da shi. Ina gaba ina hango su ta madubi, ina tuna bara.

Likitar wata doguwar mace ce mai magana a hankali. Ta sa wani ɗan tsinke mai auduga a hancin Baba, ya yi atishawar da ta kusa ture kwandon shara, aka tafi da tsinken. Da sakamako ya dawo ta ce wannan ba murar da aka saba ba ce, babbar ce, wadda suke ce wa fulu, kuma ta cika gari. Ta tambayi yaushe abin ya fara. Baba ya ce bai fara ba. Na ce jiya da yamma ya bar rabin abincinsa.

Ta ce, "Kun yi dabara da kuka zo da wuri. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar hayayyafa a jiki, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko. Zai rage masa kwanakin wahala, ya kuma rage haɗarin ta sauka ƙirji. Safe da yamma, kwana biyar, da abinci a ciki don kada ya tayar masa da zuciya. Ko ya ji ya warware, sai ya shanye."

Sai ta juya ga Goggo, wadda a lokacin take gyara wa Baba wuyan riga, fuskarta dab da tasa. Ta tambayi shekarunta, ta ji labarin asma da na bara, ta sa aka duba ta, sannan ta ajiye biro.

"Mama, ke ma zan rubuta miki. Irin nasa ne, amma naki na kariya ne, sau ɗaya a rana, kuma zai fi nasa daɗewa, don cutar kan yi kwanaki a ɓoye kafin ta nuna kanta. Sannan ki nisanci ɗakinsa."

Goggo ta yi murmushin da take yi wa masu talla. "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, kin iya aikinki. Amma dube ni da kyau. Ina tari? Ina zazzaɓi? To me zan sha wa magani?"

"Don kada ki kamu, Mama."

"Idan na kamu na zo."

"Idan kin kamu, da irin ƙirjinki, ba lallai ki zo da ƙafarki ba."

Ko gezau. Na karɓo kwali biyu a tagar ba da magani, na Baba da na Goggo, kafso ne iri ɗaya sak. A hanya na lallashe ta, na yi mata fushi, na tuna mata robar iska, har na ce zan rufe shago in zauna in yi ta kuka. Ta ce in na gama kukan in wanke fuska kafin masu ɗinki su zo. Muna isa gida na cusa kwalinta a aljihun rigar aikina, wurin da nake sa alli da tef, raina a ɓace.

Na kai Baba sama, na buɗe tagogi, na ware masa kofinsa da farantinsa, na sa takunkumi. Na sauko na haɗa shayi da burodi, na ɗora kafso ɗaya a gefen tire. Ina ɗaga ƙafa zan hau matakala sai sanda ta gitta gabana.

"Ina za ki da wannan?"

"Maganin Baba ne, Goggo."

"Wa ya ɗanɗana?"

Na buɗe baki zan ce magani ba miya ba ne, ba a ɗanɗana shi. Wallahi maganar ta zo har kan harshena. Sai Allah ya taimake ni na haɗiye ta. Na ajiye tiren a kan matakala, na sa hannu a aljihu na ɓallo ɗaya daga kwalinta.

Na ce, "Gaskiyarki, Goggo, na yi garaje. Ga shi, irinsa ne sak. Amma sai kin ci burodi tukuna."

Ta ci burodi. Ta juya kafson a tafin hannu, ta shinshina, ta jefa baki ta bi da ruwa. Ta tsaya tana sauraren cikinta, kai a karkace, irin tsayuwar da take yi idan tana neman gishiri a miya. Sannan ta ɗaga murya.

"Auta! Fito in gan ka."

Baba ya bayyana a saman bene rungume da bargo.

"Na ɗanɗana, ba ɗaci. Sha."

Ya sha. Na shige shago na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai a tsakanin yaduka, sannan na kira likita a waya na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta yi tari, amma ta ce ita ta fi son mutum ya san abin da yake sha. Na ce ai ta sani, a gabanta aka rubuta, kuma na faɗa mata irinsa ne; a kan suna kawai muka saɓa, ni na ce sha, ita ta ce ɗanɗano. Likita ta ce to, amma sau ɗaya tak a rana, kuma daga kwalinta, kada a taɓa na Baba.

Da yamma kuwa rigimar ta taso, don Goggo ta riga ni zuwa gindin bene da kofin ruwanta.

Na ce, "Goggo, idan kika ɗanɗana miya da rana, da daddare aka ɗumama, kina sake ɗanɗanawa?"

"Tukunya ɗaya? Wane irin rashin aikin yi ne wannan?"

"To na safe da na yamma tukunya ɗaya ce. Na gobe ne sabon girki."

Ta yi nazari, ta ce da gaskiyata, ta koma ɗaki. Ni kaina na yi mamakin kaina, don ban san ina da irin wannan baiwa ba.

Haka muka yi ta yi. Kullum da safe Goggo a ƙasa, Baba a sama, ni a tsakiya da tire da takunkumi. Ban taɓa gode wa ciwon gwiwa ba sai a wannan makon, domin shi ya tsare min ita a ƙasa. Zazzaɓin Baba ya sauka, ciwon jiki ya lafa, ya fara ƙorafin romon kaza ba gishiri, alamar mutum ya dawo hayyacinsa. Ni kuwa kowace safiya sai in laɓe a ƙofar Goggo in kasa kunne. Idan na ji numfashinta sumul, sannan nake iya karyawa.

Ranar da kwalin Baba ya ƙare na duba na Goggo, saura rabi. A nan ne na gane ramin da na haƙa wa kaina. Idan Auta ya daina sha, me za a ɗanɗana?

Na hau sama na tarar da shi zaune a bakin gado yana ɗaure igiyar takalmin wasa, yana 'yar waƙa.

"Gobe da asuba za ki ji ni," in ji shi. "Jikin nan ya yi tsatsa."

Na ce, "Baba, ba ka warke ba."

"Wa ya faɗa miki? Ai ma ban yi ciwo ba."

Na zauna a kujera na warware masa komai, tun daga kwalin da ke aljihuna har zuwa zancen tukunya. Ya saurara baki buɗe. Da na zo kan abin da nake so ya yi, sai ya miƙe tsaye.

"Ni? In yi ƙaryar ciwo? Ni Koci? Ke kin san yara nawa na kama suna wannan shirmen don su guje wa gudu? Daga tafiyarsu nake gane su!"

"To ka ga ka san yadda ake yi."

"Ba zan yi ba. Mutuncina fa?"

Na ce, "Shi ke nan. Gobe sai ka sauko ka yi tsallenka, ita kuma ta ajiye kofinta. Likita ta ce idan ba ta shanye ba, kariyar ba ta cika ba, ga shi rabin layin nan na kwance, kowa kuma ta ƙofar shagona yake shigowa. Ka dai tuna bara."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, wajen da ɗakinta yake. Sannan ya koma ya zauna, ya kwance igiyar takalmin a hankali, ya tura su ƙarƙashin gado. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba, don na san halin kayana.

Na sayo wata 'yar farar alewa mai tsayin kafso. Idon Goggo ba ya gani sosai daga nesa, daga gindin bene kuwa ko wake na ɗora a tiren ba za ta bambance ba. Washegari ta ɗanɗana nata, ta kira Auta. Sai ga shi ya fito yana dafa bango, yana jan ƙafa, ya yi wani nishi mai tsawo da ko a lokacin da zazzaɓin ke cinsa bai yi irinsa ba.

Na yi masa raɗa, "Baba, rage."

"Ke kika iya ko ni?" Ya ƙara wani nishin.

Abin da ya jawo wa kansa ke nan. Goggo ta tsorata, ta ce ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ta hana shi burodi, ta ce romo zalla. Ta sa na ƙara masa bargo na biyu, ta aiko masa da jar hular sanyinta mai koren tuntu, ta ce kada ta sake ganinsa babu ita. Ta hana shi rediyo, wai surutu na hana jiki haɗuwa. Duk lokacin da na hau, sai in tarar da shi kwance yana kallon silin, hula har gira, ya juyo yana hararata.

"Yunwa za ta kashe ni a gidana," in ji shi. "Ki ɓoyo min ƙwai."

Na riƙa ɓoyo masa dafaffen ƙwai a cikin kwandon zare.

Mafi ciwon abin shi ne Mai Burodi, maƙwabcinmu na tsallaken titi. Mutum ne mai yawan laulayi, kuma shekara da shekaru Baba na tsokanarsa, yana ce masa da zai riƙa tsalle da safe da ya daina ciyar da masu kemis. Da labari ya kai masa, sai ga shi a ƙofar gida da fulawa har gwiwar hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Goggo na zaune a bakin ƙofa. Ya gaishe ta, ya ɗaga kai ya ƙwala kira.

"Koci! Ashe ana kwanciya? Sannu! Ya jikin?"

Na ga labulen sama ya motsa. Na san abin da ke cin Baba a rai: ya leƙo ya ce ƙalau yake, su fito titi a yi tsere in an isa. Amma Goggo ta ɗaga kai tana jira ita ma. Taga ta buɗe, jar hula ta leƙo.

"Da sauƙi," in ji Baba da wata siririyar murya. Ya ƙaƙalo tari guda biyu.

"Ka riƙa tsalle da safe!" in ji Mai Burodi. Ya koma yana dariya har yana dafa gwiwa, kafin azahar kuwa duk layin ya ji.

Da na kai masa romo bai kalle ni ba. Ya ce, "Saura nawa?" Na ce saura kaɗan. Ya ce in ajiye in fita.

Da ya daure har ƙarshe da ban sami labarin bayarwa ba. Saura kafso biyu a kwalin Goggo abin ya faru. Da hantsi ne, ban kai ga haɗa tire ba, wata mata ta zo da yadin makaranta na 'ya'yanta, ina tsugune ina awo da fil a baki. Goggo ta saba kunna rediyonta a wannan lokacin, Baba kuma ya san da haka, ya dogara ƙararsa za ta rufa masa asiri, abin da bai sani ba shi ne batirin ya mutu tun daren jiya. Sai na fara jin wani dim, dim, dim daga sama, a jere, ba sauri ba jinkiri. Kafin in tofar da fil in ba matar haƙuri, na ji ƙarar sanda a kan matakala.

Na fito da gudu. Goggo, wadda rabonta da hawa benen nan tun kafin a sake fenti, ta wuce rabi. Hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya a sanda, tana jan jiki tana kira, "Auta! Auta, ka faɗi ne? Ga ni nan!" Ta ɗauka jijjiga ce ta kama shi yake bugun ƙasa. Na ce ta tsaya, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta kai sama ta tura ƙofa da sandar.

Ga Koci a tsakiyar ɗaki, singileti da wandon wasa, jar hula a ka, igiya na shawagi, gumi na zuba, fuskarsa cike da annuri. Ya gan ta, igiyar ta harɗe masa ƙafa, ya yi tsuru-tsuru. A kan tebur ga ɓawon ƙwai, ga ledar farar alewa a buɗe.

Wai don borin kunya sai ya yi tari.

Goggo ta juya ta zauna a matakalar farko ta sama, ƙirjinta na wani siririn kuka. Na ruga na ɗauko mata abin shaƙarta, ta shaƙa, muka tsaya a kanta har numfashin ya daidaita. Matar mai yadi ta leƙo ta ga yanayin, ta ce za ta dawo.

"Miƙo min ledar can," in ji Goggo.

Baba ya miƙa mata. Ta ɗauki alewa ɗaya ta lasa.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun da nasa ya ƙare, Goggo. Ni na shirya, ba shi ba."

"Wato ni nake shan magani, shi yana shan zaƙi." Ta gyaɗa kai. "Na hana shi abinci, na hana kaina barci ina yi masa addu'a, ashe wasan yara kuka mai da ni. Na tsufa, ko? Sai da dabara, kamar akuya za a ba wa magani."

Na fi son ta zage ni da wannan sanyin muryar. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ciro kwalin na nuna mata, na ce biyu kawai suka rage, na yau da na gobe, ta taimake ni ta ƙarasa.

"Mayar da abinki aljihu. Auta ya warke, aikina ya ƙare. Ni lafiyata ƙalau."

Na san wannan muryar, idan ta fito an rufe magana. Dabarata ta ƙare, ban da wata. Na ji hawaye na taruwa, na haushi da na tsoro a haɗe.

Sai Baba ya cire hular ya riƙe a hannu. Ya raɓa ta gefenta ya sauka, ya zauna a matakalar da ke ƙasa da tata, har kansa ya zo daidai gwiwarta. Ya karɓi kwalin daga hannuna, ya ɓallo ɗaya da manyan yatsunsa, sai da ya yi fama kafin ya fito.

"Yaya."

Ta kau da kai.

"Yaya, ba dabara yanzu. Naki ne, ba ɗanɗano ba ne, kuma na san lafiyarki ƙalau. Roƙonki nake yi." Ya tsaya ya share gumi, muryarsa ta sauka. "Tsoro nake ji. Ni tun da na buɗe ido a duniya kina cikinta. Ban taɓa kwana ɗaya a duniyar da babu ke ba. Ban san yadda ake yi ba, kuma na tsufa da koyon sabon abu."

Ban taɓa jin Baba ya ce yana tsoron wani abu ba. Na juya ina kallon bango, don kada ya ga na gani.

Goggo ta daɗe tana kallon sanƙonsa.

"Ni kuwa na yi shekara tara a duniyar da babu kai," in ji ta, "kuma lafiya lau na yi su. Ba kuka, ba wanki, ba mai ƙarya da alewa."

"Na sani, Yaya."

Ta buɗe tafin hannunta a gabansa, ya ɗora mata. Sannan ta dube ni.

"Ke kuma kin tsaya kina kallon bango. Da yawu zan haɗiye? Kawo burodi da ruwa."